Albasar Almu

A bayan ɗakina a Agege, ƙarƙashin bishiyar gwaba, akwai wata waya da aka ɗaure daga reshe zuwa ƙusar katanga. Tsirrai goma sha huɗu ne ke rataye a jikinta, kowanne a cikin yankin jan buhun albasa, irin mai raga ɗin nan. Duk baƙon da ya shigo gidan sai ya tsaya ya tambaya, ni kuma in ce masa na Almu ne. Yau wata biyar da rasuwarsa, har yanzu bakina bai iya cewa nawa ba ne.

Cikakken sunansa Almustafa, amma in ban da katin zaɓe ban san mai kiransa haka ba. Mutumin wani ƙauye ne a bayan Gumel, ɗan cin rani. Ni Ridwanu a nan aka haife ni, ɗinki ne sana'ata. Mun san juna shekara goma sha shida da suka wuce, ranar da ya kawo mini wando in yi masa faci, ya tsaya a kaina yana koya mini yadda ake faci. Na ce in ya iya ga keken nan. Ya zauna, ya karya mini allura, ya miƙe ya ce keken ne ba shi da tarbiyya. Daga ranar bai sake kirana da sunana ba, sai Tela. Da shekara ta zagayo na samar masa wurin kwana a gidanmu, kuma nan ya ci gaba da sauka har ƙarshen rayuwarsa.

Shekararsa kashi biyu ce. Idan an gama girbin dawa an kai rumbu, sai ga shi da jaka a kafaɗa. Idan watan biyar ya yi nisa, sai ka ga ya fara yawan duban sama, alhali ya san hadarin Legas ba ruwansa da na Gumel. Kafin ruwan shuka ya sauka a can, ya tafi. Mahaifinsa ya rasu tun yana saurayi, shi ne babba, gonar gidansu ce ke ciyar da Inna, da matarsa Baiwa da yaransu, da ƙaninsa Sabiru. Bai taɓa yin damina a Legas ba.

Albasa yake sayarwa a baro. Sau biyu a mako yakan je kasuwar Mile 12 ya ɗauko buhu, ya sako shi a motar haya ta danfo, ya zazzage a kan tabarma a inuwar gwabar nan. Sai ya tsuguna ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana danna wuyan kowacce da babban yatsa. Ba ya ko kallo. Yana hira da kai yatsan yana aikinsa, wannan ta yi dama, waccan ta yi hagu. Wadda ya ji ta fara laushi ba ya cusa ta a ƙasan kashi kamar yadda wasu ke yi. Gefe yake ware ta, ya gaya wa mai saye cewa wannan ta miyar yau ce, ba ta kwana. Shi ya sa matan Yarabawa daga Ogba har Iyana Ipaja suke barin baro uku su wuce suna jiran nasa.

A yawon tallan nan ne, shekara takwas ke nan, ya biyo ta wata unguwar masu hali a wajen Ikeja. An sayar da wani gida, sabon mai gidan ya sa an tumɓuke lambun duka za a shimfiɗa siminti. An tara komai a bakin get ana jiran motar shara. A cikin tulin Almu ya hango wasu koraye guda biyar manne da juna, kowacce kamar ƙaramar albasa, da ganye biyu-biyu a kanta masu tauri kamar fata. Ya tambayi maigadin. Maigadin ya ce shara ce, ya ɗauka in yana so.

Ya shigo gida yana murna, wai ya samo albasar masu kuɗi, zai gwada ya ga ko za ta yi iri. Ya nemo bokitin fenti, ya cika shi da ƙasa, ya zuba kashin awaki, ya binne su har wuya, ya kwarara ruwa. Abin da kowane manomi zai yi ke nan, ni ma da na gani ban ga laifi ba.

Bayan mako biyu na same shi da safe a tsugune, hancinsa a bakin bokitin. Ya ce yana jin warin ruɓa. Ni ban ji komai ba, amma hancin mai albasa ba irin namu ba ne. Ya tono su. Biyu sun yi baƙi sun zama kamar kunu. Ya daɗe yana juya saiwar sauran ukun a hannunsa, wata fara mai kauri kamar taliya, ya ce wannan ba saiwar albasa ba ce, kuma ko ta mece ce, ba ta son kabarin da ya yi mata. Bai san abin da ake yi wa irin wannan tsiro ba, sai ya yi mata abin da yake yi wa albasar da ta sha damshi. Ya yanke ruɓaɓɓun da reza, ya shafa toka a wurin, ya shanya sauran a kan wani katako a inuwa inda iska ke ratsawa. Ya ƙyale su.

Kwana wajen ashirin ba abin da ya faru. Sai wata rana ya kira ni daga shago, ya nuna mini. Sabuwar saiwa ce ta fito, bakinta kore shar, ta miƙe a fili ta kama katakon kamar yatsan jariri. Ba ƙasa, ba taki.

Ranar Lahadi muka kai ta wurin wata mai sayar da furanni a bakin titi, Iya Folake, wadda ke sayen albasa a wurinsa. Ni ne tafinta, domin Yarabancin Almu bai wuce na ciniki ba. Tana gani ta ce okid ne. Ta ce a ƙasashen da suka fito a kan itatuwa suke zama, saiwarsu ta riƙe ɓawo, su sha ruwan sama idan ya zo, iska ta busar da su. Almu ya ce in tambaye ta ko kauci ne ke nan, wanda ke tsotse bishiya. Da na yi mata bayani ta ce a'a, wannan zama kawai yake yi, ba ya cin komai na bishiyar.

"Ashe ɗan haya ne irina," in ji Almu.

Ya tambayi sunan irin wannan okid ɗin. Iya Folake ta ce nan fa ɗaya. Masu wannan sana'a suna haɗa wani iri da wani, su sake haɗa 'ya'yan da wasu, har abin ya kai dubbai, galibin waɗanda ake sayarwa ruwa-biyu ne. Kowace tukunya tana zuwa da ɗan farin roba da aka rubuta suna a jiki. Idan wannan robar ta ɓace, shi ke nan. Sai dai a jira fure ya fito a yi hasashen danginsa, shi ma hasashe ne kawai. Na zaci abin zai dame shi. Ya ce mini shi ma shekararsa nawa a garin nan ba wanda ya san sunan ubansa, Aboki ake ce masa, kuma bai fasa cin abinci ba. Abin da yake so ya sani shi ne me take ci, me take sha. Ta ce ya nemi gawayi ya wanke, ya haɗa da ɓawon kwakwa da aka jiƙa, ya sa a tukunya mai huji da yawa. Ya ce yana da abin da ya fi tukunya huji. Muna dawowa ya yanki buhun albasa, na ɗinke masa bakin, ya zuba gawayin, ya zaunar da ita a sama ba tare da ya binne ko ɗaya ba, ya rataye a gwaba.

Da lokacin tafiyarsa ya yi ya bar mini amanarta. Nan na yi abin da har gobe nake jin kunyarsa. Ni a ganina ƙauna ita ce ruwa. Safe in ba ta, yamma in ba ta, ga ruwan Legas na watan shida da ba ya ɗaukewa, har na matsar da ita kusa da indararo don kada a ce na yi sakaci. Matata Nuriyya ta ce mini Malam Almu ba haka yake yi ba. Na ce ita me ta sani.

Da ya dawo, ko jakarsa bai sauke ba ya wuce bayan ɗaki. Ya danna ƙwayoyin da yatsa, ya leƙa saiwar, rabinta ta yi baƙi. Na tsaya ina jiran faɗa. Bai yi ba. Ya ce in kawo buta. Ya nuna mini wata saiwa mai rai, fara fat, ya ɗiga mata ruwa, a kan idona ta rikiɗe ta zama koriya.

"Ka gani, Tela? In ta yi kore ta ƙoshi. In ta koma fari, ka ƙara mata kwana ɗaya, sannan ka ba ta. Da safe, ba da yamma ba. Ita da bakinta take gaya maka, kai ne ba ka saurare."

Na ce tsoro nake kada ƙishi ya kashe ta. Ya kama yatsana ya ɗora a kan ƙwayar, ya ce wannan guzurinta ne, mai guzuri ba ya mutuwa don an makara da abinci. Idan ƙwayar ta fara yamushewa kamar fuskar tsohuwa, to ƙishi ne, ko kuma saiwar ce ta mutu ba ta iya sha. Sai an duba an gane wanne ne, kada a yi saurin kawo buta.

Daga wannan shekarar abin ya zame masa jiki. Masu gadi da masu share ɗakunan biki suka san shi. Idan an gama taro furanni sun zube, masu ado sukan yar da tukwanen, sai a ajiye wa mai albasa. Ba ko ɗaya da ya zo masa da suna. Shi da bai yi boko ba, bai kuma taɓa buɗe littafin tsirrai ba, sai ya raba su gida uku da ido da yatsa. Akwai masu albasa irin ta farko. Akwai masu kara kamar ƙaramar rake, ya ce su ma guzurinsu na cikin karan, kuma sun fi kowa son haske. Sai masu faɗin ganye kamar harshen sa, waɗanda ba su da ƙwaya ba su da kara. Waɗannan ya ce su ne talakawan gidan, ba su da ajiya, ba a barinsu su daɗe a bushe, kuma rana tsaka ba tasu ba ce. Su yake ratayewa can cikin inuwa kusa da gindin gwabar.

Ya kashe da yawa, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Wata, zafin rana ne ya ƙone mata ganye ya yi baƙin tabo. Wata ruwa ya kwana mata a tsakiyar ganye ta ruɓe daga sama, tun daga nan in ya ba masu faɗin ganye ruwa sai ya bi da bakin hiraminsa ya tsane lungun. Kowacce ta mutu sai ya kwance ta ya duba abin da ya kashe ta kafin ya yar. Iya Folake da ta fara koya masa, daga baya ita ke aiko masa da marasa lafiyarta.

Duk waɗannan sun yi masa fure a gabansa, fari da ruwan hoda da rawaya, ya gani ya ji daɗi. Ta farkon ce kawai ta ƙi. Ba wai ba ta fure ba, tana yi. A damina ta biyu, mako uku bayan tafiyarsa, wani siririn kara ya fito daga tsakanin ganyenta, ya yi tsawon hannu, ya jera 'ya'ya. Suka buɗe. Kowane fure yana da fiffike biyar masu launin dabino, bakinsu a lanƙwashe, a tsakiya kuma wani faffaɗan leɓe mai launin shunayya, irin zaren da nake yi wa mata aikin wuya da shi. Da hantsi, rana na taɓa shi, sai wani ƙamshi ya cika bayan gidan, har Nuriyya ta fito daga kicin tana tambayar wa ya fasa turare. Kafin azahar ƙamshin ya ɗauke. Haka yake yi kullum har mako huɗu, sannan furannin su zube. Kafin Almu ya dawo ko karan ya bushe.

Na ɗauki hoto na tura wa Sabiru, ya nuna masa. Ya hau tudun da suke samun sabis ya kira ni, ya ce hoton ya gani, kyau kam akwai. Sai na yi kuskuren gaya masa zancen ƙamshin.

"Kamar na me?"

Na ce kamar cakulan.

"Wane irin cakulan? Ni na san cakulan ne?"

Na ce to kamar alewar madara. Nuriyya daga gefe ta ce ƙarya nake, ya fi kama da wani sabulun wanka da ta taɓa saya a Oshodi. Almu ya ce mu biyun duka a kai mu asibitin hanci, mutum yana kwana da abu a bayan ɗakinsa amma ya kasa faɗin ƙamshinsa. Muka yi dariya. Amma kafin ya kashe waya ya ce, "Ka sake shinshinawa gobe, ka gaya mini daidai."

Shekara shida ina sake shinshinawa, ban taɓa faɗa masa daidai ba. Iya Folake ta ga furen ta kira wani dogon suna na dangin da take zato, ni da ita muka kasa maimaita shi iri ɗaya sau biyu. Almu bai damu da wannan ba. Shi dai burinsa ya tsaya a gabanta da hantsi, sau ɗaya, ya ji da hancinsa.

Ya gwada. A shekara ta uku karan ya fito da wuri, tun yana nan. Ya ɗaga tafiyarsa da kwana uku, ya ƙara huɗu, ya ƙara uku. Kullum da safe yana gabanta, 'ya'yan suna kumbura amma sun ƙi buɗewa. A rana ta goma Sabiru ya kira ya ce an kwana ana ruwa, gari duk ya fita shuka. A ranar Almu ya hau mota. Kafin ya isa ƙasa ta sha iska. Sabiru ya shuka abin da hannunsa ya iya, sauran gonar ta jira ruwa na biyu, ruwan kuwa sai da ya yi mako uku bai zo ba. Geron shekarar bai cika rumbu ba, tun kafin bazara suka koma awo. Ya gaya mini Inna ba ta yi masa faɗa ba, tambaya ɗaya ta yi masa, ko a Ikkon an fara tuwo da fure ne. Furen kuwa ya buɗe kwana huɗu bayan tafiyarsa.

Bai sake ɗaga tafiya ba ko da yini ɗaya. Ya ce ya ci amanar gona saboda kallo, kuma sau ɗaya ya isa. Shekarar da ta biyo ya ɓalli ƙwaya uku ya tafi da su gida, ya rataye a jikin darbejiyar ƙofar gidansu. Kwana biyu suka yi, akuyar maƙwabta ta miƙe a kan ƙafa biyu ta gama da su. Da yake ba ni labari ya ce ko ba komai akuyar ta riga shi sanin ɗanɗanonta.

Wannan ne abin da nake so a sani game da Almu. Wata shida a kowace shekara yana wanke gawayi, yana goge ƙwari da ruwan sabulu, yana matsar da ita daga reshe zuwa reshe yana bin haske, ya san sarai cewa ranar da za ta biya wannan wahala ba ya nan. Ni da Nuriyya da maƙwabta ne ke shan ƙamshin. Na taɓa ce masa wannan aikin banza ne. Ya ce mangwaron da yake sha a gida kakansa ne ya dasa, kuma bai ji an ce tsohon ya yi aikin banza ba.

Bara da rani ya dawo ba yadda na san shi ba. Ya rame, idonsa ya yi ɗorawa, baron da yake turawa da hannu ɗaya sai ya tsaya ya huta sau uku kafin ya kai titi. Muka je asibiti, aka ce hanta ce, kuma ta yi nisa. Ya sha magani wata uku. A farkon watan biyar ya daina fita. A raina na ce ko banza bana zai yi damina a nan, ga asibiti kusa, ga karan ma ya fara leƙowa. Na faɗa masa haka. Ya ce a kira Sabiru ya zo ya kai shi gida. Ya ce idan abin da yake zato ne, ya fi so ya same shi kusa da Inna, kada a wahalar da mutane da ɗawainiyar gawa a garin da ba nasa ba.

Ranar tafiyar na riƙe shi muka zaga bayan ɗaki. Ya bi su duka da yatsa. Da ya zo kan ta farkon ya dubi karan, bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Ya ja mini kunne kamar yadda yake yi duk shekara, cewa idan ta ɗauki 'ya'ya kada in motsa ta ko taku ɗaya, domin sauyin wuri yana sa su zube.

Bayan mako biyar fure huɗu suka buɗe, bakwai suna hanya. A ranar Sabiru ya kira ya ce jikin Yaya ya yi tsanani, ko kunu ba ya zama. Na zauna a bakin keke na kasa taka shi. Nuriyya ce ta ce, "Baban Raihana, ka kai masa ita mana."

Na ce ya hana a motsa ta.

Ta ce, "Ya hana ne don kada furen ya zube kafin a gani. To wa ya rage bai gani ba?"

Na lanƙwasa waya na yi mata keji, na yanki tsohon gidan sauro na ɗinke a kai, na ɗaure karan a jikin sanda da zare mai laushi. A Mile 12 na sami wani direban tirela, Abdulwahid, wanda ya sauke albasa zai koma Kano. Da ya ji ko don wa ne, ya ce in shiga gaba, ya san Almu. Kwana biyu tana kan cinyata. Duk ramin da muka faɗa sai in ɗaga ta sama kamar mai riƙe da kwanon miya. Duk da haka kafin Jebba 'ya'ya uku sun zube. Tsakanin Mokwa da Tegina, inda hanya ta fi lalacewa, wasu suka bi su. Ina ganinsu a ƙasan kejin, ban iya yin komai ba. Daga Kano na shiga motar Gumel, daga Gumel na hau acaɓa. Na isa da fure uku.

Bayan la'asar ne. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, gero ya fito kamar tsinin allura a gonaki. Na same shi kwance a ɗakin Inna, ya zama kamar ba shi ba, sai idon. Na kwance gidan sauron na ajiye ta a gabansa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce a matso da ita. Ya shinshina, ya sake shinshinawa, ya dube ni. Babu komai. Na ce masa sai da hantsi take yi, in rana ta taɓa ta. A cikina kuwa tsoro ne fal, ko wahalar hanya ta kashe ƙamshin, ko shi ba zai kai hantsin ba.

Ya kai. Da gari ya waye ni da Sabiru muka ɗauko shi a kan tabarma muka kwantar a ƙofar ɗaki. Na rataye ta a bakin rumfa daidai kansa, inda rana za ta fara sauka. Inna tana zaune a gefe da carbi, Baiwa tana tsaye a bakin madafa ta kasa matsowa ta kasa komawa. Rana ta hau katanga, ta sauko kan rumfar, ta taɓa furen. Muka ƙara jira kamar tsawon shan shayi. Ni na fara ji, amma na yi shiru.

Ya lumshe ido. Ƙirjinsa ya ɗaga a hankali, ya sauka, ya sake ɗagawa.

"Tela," ya ce, "shekara shida kana ce mini cakulan."

Na ce to mene ne.

"Zuma ce. Sabuwar ɗiba, wadda aka sauko da ita daga amya yanzu, da ɗan hayaƙinta. Inna, ba haka ba?"

Inna ta matso ta shinshina, ta ce haka ne, irin wadda babansu ke kawowa daga kukar bayan gari. Baiwa ma ta zo ta ji. Yaran suka zo. Ya bar su duka suka ji, shi kuma bai buɗe ido ba har ƙamshin ya fara ja baya wajen azahar.

Sannan ya miƙa hannu, na sauko masa da ita. Ya danna ƙwayar da babban yatsa. Ya ce ta fara yamushewa, iskar nan ta fi ƙarfinta ko da damina ce, ga awaki. Ya ce gobe da sassafe in mayar da ita.

Na ce na zo ne in zauna da shi, ba inda za ni.

"Ni ina da masu zama da ni, ga su nan. Ita kai kaɗai gare ta. Ga sauran can ka bar wa Nuriyya, kuma na san hannunta bai kai naka nauyin ruwa ba, amma dai."

Na yi masa gardama har ya gaji da magana, ya juya fuska. Inna ta kira ni gefe ta ce, ɗan nan, ka yi masa abin da ya ce. Washegari na tsugunna a kansa muka yi sallama, ya ce in yafe masa allurata da ya karya. Na gyaɗa masa kai.

Kwana tara da dawowata Sabiru ya kira bayan sallar asuba. Ban sami jana'izarsa ba. Wannan ya tsaya mini a rai, wani lokaci har in ji haushinsa, sai kuma in tuna shi ya zaɓa, kuma bai taɓa zaɓar abu don kansa ba sai waɗancan kwana goma da ya yi nadamarsu har ya mutu. Allah ya jiƙan Almu, ya yafe masa, ya sa iyakar wahalarsa ke nan.

Ita kuwa ta sha jiki. Ƙwaya biyu sun bushe bayan tafiyar, ganye ɗaya ya faɗi. Na bi abin da ya koya mini, na riƙe hannuna daga buta. Makon jiya na ga sabuwar saiwa ta fito ta cikin ragar buhun, bakinta kore. Yanzu lokacin dawowar 'yan cin rani ne, kullum ina ganinsu suna sauka a bakin titi da jakunkuna a kafaɗa. Da safe kafin in buɗe shago nakan zaga baya in bi su goma sha huɗun da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Yatsana bai kai nasa ji ba, sai na haɗa da ido.